Ƙananan ƙulli a cikin babbar saƙa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai ɗinkin babbar riga, a babbar kasuwar Maraɗi ko a kasuwar Dole ta Damagaram, ya san wani abu da baƙo bai sani ba. Baƙo yana ganin gaban riga cike da zare, ya ɗauka aikin ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Shi kuwa mai ɗinki ya san cewa zane kaɗan ne yake maimaitawa: ga aska biyu, ga aska takwas, ga tambari. Wanda ya iya waɗannan ya iya karanta rigar duka, kome girmanta.

To, masu karatu, irin wannan ido ne wasu masana kimiyya suka ɗora a kan abubuwan da ba su da alaƙa da ɗinki ko kaɗan, wato ƙwayoyin gado na halitta, da jijiyoyin tsutsa, da allon lantarki na cikin kwamfuta, da yadda dabbobin tafki ke cin junansu. Dukansu saƙa ce: abubuwa masu yawa, kowane yana haɗe da wasu, kowane yana taɓa wasu. Tambayar da suka yi ita ce, shin a cikin wannan cakuɗi akwai ƙananan ƙulli da ke dawowa a kai a kai? In akwai, wane aiki suke yi? Amsar da suka samu ta buɗe sabon fage a kimiyya, gardamar da ta biyo baya kuma ta shafi ɗan kasuwa da ma'aikacin biro fiye da yadda za su zata.

Mu fara da ƴar ƙaramar halitta wadda ke zaune a hanjin kowane ɗayanmu, bakteriyar nan da ake kira E. coli. Ƙanƙantarta ta kai sai an jera kamar 500 kafin su cika milimita guda, amma tana ɗauke da ƙwayoyin gado sama da 4000. Kowace ƙwayar gado tamkar takardar umarni ce ta yadda za a ƙera wani furotin, furotin kuwa su ne ma'aikatan cikin halitta. Ƙera su yana cin ƙarfi da abinci, don haka bakteriya ba ta buɗe takardun duka lokaci guda. Tun a 1941 wani Bafaranshe, Jacques Monod, ya lura cewa idan aka ba bakteriya sukari iri biyu, sai ta cinye wanda ya fi mata sauƙi, wato gulukos, ta ɗan dakata, sannan ta koma kan na biyu. A 1961 shi da abokin aikinsa François Jacob, a cibiyar Pasteur ta birnin Paris, suka bayyana dalili: akwai wasu furotin da aikinsu shi ne su buɗe ko su rufe ƙwayoyin gado, kamar yadda shugaban biro yake ba da izini ko ya hana. Wannan aiki ya samo musu kyautar Nobel a 1965 tare da André Lwoff.

Shekara arba'in bayan haka, masana sun tara ɗaruruwan irin waɗannan labarai na wane ke buɗe wane, wane ke rufe wane. Da aka zana su duka a takarda guda, kowane umarni da kibiyarsa, abin da ya fito bai fi kama da zaren da akuya ta shiga cikinsa ba. Kowa ya yarda akwai hikima a ciki, amma ba wanda ya san ta inda zai kama.

Ƙidayar shekara ta 2002

Wanda ya kama bakin zaren shi ne Uri Alon, masanin kimiyyar fizik da ya koma nazarin halittu, tare da ɗalibansa a cibiyar Weizmann ta garin Rehovot a Isra'ila. A 2002 suka fitar da bincike biyu, ɗaya a mujallar Nature Genetics da sunan Shai Shen-Orr a gaba, ɗaya a mujallar Science a watan Oktoba da sunan Ron Milo a gaba. Dabarar tasu mai sauƙin faɗi ce. Idan ka ɗauki abu uku da ke haɗe da juna da kibiyoyi, siffofi 13 kaɗai ne za su iya fitowa. Idan abu huɗu ne, siffofin sun kai 199. Sai suka sa kwamfuta ta bi saƙar duka tana ƙidaya sau nawa kowace siffa ta bayyana.

Ƙidaya ita kaɗai ba ta isa ba, domin a cikin kowane taro mai yawa dole wasu siffofi su fito ko da ba da nufin kowa ba. A nan ne suka yi abin da ya ba aikin daraja. Sun ɗauki saƙar gaskiya suka dama ta kamar yadda ake dama kati: kowane abu ya riƙe yawan kibiyoyin da ke shiga gare shi da masu fita, amma inda suke dosa ya sauya. Suka yi haka sau 1000, suka ƙidaya siffofin a kowace saƙar bogi. Siffar da ta fi yawa a saƙar gaskiya nesa ba kusa ba, ita ce suka kira ƙulli na musamman.

A saƙar E. coli da suka yi aiki da ita akwai gaɓoɓi 424 da kibiyoyi 519. Wata siffa ta abu uku ta bayyana sau 40, alhali a saƙar da aka dama ba ta wuce kamar sau 7 ba. A ƙwayar yisti, wadda ke kumbura burodi, siffar nan dai ta fito sau 70 maimakon kamar 11. Ga yadda take: na farko yana ba na biyu umarni, na biyu yana ba na uku, kuma na farko yana ba na ukun umarni kai tsaye. Wato daga na farko zuwa na uku hanya biyu ce, gajera da doguwa, shi ya sa a wannan rubutu za mu kira ta ƙullin hanya biyu. Wata siffa ta abu huɗu, inda shugabanni biyu ke iko da ma'aikata biyu su duka, ta fito sau 203 a E. coli maimakon kamar 47. Ita kuma mu kira ta biyu-bisa-biyu.

Abin mamaki ya zo ne da suka juya kan wasu saƙoƙi. Akwai wata tsutsa mai tsawon milimita guda, C. elegans, wadda jijiyoyinta 302 ne cif, kuma masana a Ingila, ƙarƙashin Sydney Brenner, sun gama zana yadda suke haɗe tun 1986. A cikinta ma ƙullin hanya biyu da biyu-bisa-biyu sun fi ƙima. Haka nan a wasu allunan lantarki da injiniyoyi suka ƙera da hannunsu, ba tare da sun taɓa leƙa hanjin kowa ba. Amma da aka duba saƙar cin juna ta wurare bakwai, ciki har da tafkin Little Rock a Amurka da bakin kogin Ythan a ƙasar Sikotilan, sai labari ya sauya. Can sarƙa ce ta fi yawa, wannan ya ci wancan, wancan ya ci na ƙasa da shi, ƙullin hanya biyu kuwa ya yi ƙaranci. Masu binciken suka fassara abin da cewa saƙar da ke sarrafa labari tana da nata ƙulli, wadda ke ɗaukar abinci da ƙarfi daga ƙasa zuwa sama tana da nata.

Sa hannu biyu kafin a biya

Yanzu me ƙullin hanya biyu yake yi? Ma'aikacin gwamnati zai fi kowa saurin ganewa. A ce darakta ya ba da umarnin a biya wasu kuɗi. Umarnin ya tafi wurin ma'aji kai tsaye, ya kuma tafi wurin mai binciken kuɗi, wanda sai ya ɗauki kwanaki kafin ya sa hannu. Ma'aji ba ya buɗe asusu sai abu biyu sun haɗu a tebur ɗinsa: umarnin darakta yana nan bai janye ba, sa hannun mai bincike kuma ya iso. Idan darakta ya yi magana da safe cikin gaggawa ya janye da la'asar, ko dala ba za ta fita ba, domin doguwar hanya ba ta kai ga ƙarshe ba. Amma ranar da ya ce a daina biya, nan take ake dainawa, tunda ɗaya daga cikin sharuɗɗan biyu ya faɗi. Ke nan tsarin yana da nawa wajen farawa, yana da hanzari wajen tsayawa, kuma umarnin da bai daɗe ba ba ya wucewa.

Wannan bai tsaya a hasashe ba. A 2003 Shmoolik Mangan da Alon Zaslaver da Uri Alon suka gwada shi a jikin bakteriya mai rai. Akwai wani sukari da ake kira arabinos, wanda ke cikin tsirrai. (Masu sayar da ƙaro za su so su ji cewa daga ƙaron ɗakwara, wanda Turawa ke kira ƙaron Larabawa, aka fara fitar da shi, daga nan ma sunan ya samo asali.) E. coli ba ta kula da arabinos muddin akwai gulukos. Idan gulukos ya ƙare, wani furotin mai suna CRP yana farkawa, ya aika umarni ta hanya biyu: kai tsaye zuwa ƙwayoyin gadon da ke narkar da arabinos, da kuma ta hannun wani furotin, AraC. Da aka auna, sai aka ga ƙwayoyin ba sa fara aiki sai bayan jinkiri na kamar minti 20, amma da alamar ta ɗauke suna tsayawa ba tare da jinkiri ba. A cikin hanji abinci yana zuwa yana wucewa, gulukos yana iya yankewa na ɗan lokaci ya dawo. Bakteriyar da za ta tayar da masana'antarta duk lokacin da hakan ya faru, hasara za ta cinye ta.

Sai dai siffar nan ba fuska guda gare ta ba, kuma a nan ne mai karatu zai ɗan ƙara natsuwa. Kowace daga cikin kibiyoyin uku tana iya zama ta buɗewa ko ta rufewa, don haka ƙullin hanya biyu iri 8 ne. Bugu da ƙari, na ukun yana iya neman umarni biyu su haɗu, ko kuma ɗaya daga ciki ya ishe shi. A tsarin da E. coli ke ƙera wutsiyar da take iyo da ita, ɗaya ya isa, sai lamarin ya juye: aiki yana farawa nan da nan, amma idan alamar ta yanke yana ci gaba har kamar awa guda, kada a bar wutsiya rabi da rabi. An nuna wannan a 2005. Akwai kuma irin da gajeriyar hanya ke cewa a buɗe, doguwar ta iso daga baya ta ce a rufe. Shi wannan yana haifar da aiki mai ƙarfi na ɗan lokaci sannan ya lafa, kamar ruwan farkon damina.

Sauran ƙullin ba za mu daɗe a kansu ba. Mafi ƙanƙanta shi ne furotin mai rufe ƙwayar gadon da ke ƙera shi kansa, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na sanannun furotin masu ba da umarni a E. coli haka suke yi. Direban da ya amince da birkinsa yana iya taka mota da ƙarfi, haka shi ma yana fitowa da sauri ya tsaya daidai inda ake so, har an auna ya ninka saurin wanda ba shi da birki kamar sau biyar. Akwai kuma shugaba guda mai iko da jerin ma'aikata, inda kowane ke amsawa a lokaci dabam. A 2004 aka nuna cewa wajen ƙera sinadarin arjinin, ƙwayoyin gado suna buɗewa bi da bi, daidai da jerin da ake bukatar aikinsu.

Masu ja da magana

Kimiyya ba ta barin magana ta kwana ba a ja ta ba. A 2004 wasu masana na jami'ar Tel Aviv, Yael Artzy-Randrup da Lewi Stone da abokan aikinsu, suka rubuta wa mujallar Science cewa gwajin dama kati yana da rauni. Jijiyoyin tsutsa, in ji hujjarsu, sun fi haɗuwa da maƙwabtansu na kusa, alhali saƙar da aka dama ba ta san nesa da kusa ba. Suka ƙera saƙar ƙarya a kwamfuta, wadda ba ta da wata doka face maƙwabci ya haɗu da maƙwabci, sai ga ƙullin hanya biyu ya fito da yawa, ba tare da yana yin wani aiki ba. Duk wanda ya zauna a unguwa zai gane wannan: idan ka san Ali, Ali ya san Garba, ba abin mamaki ba ne ka san Garba in dai rijiya guda kuke ɗiba. Yawan siffa yana iya fitowa daga yadda saƙar ta girma, ko tana da amfani ko babu.

A 2006 kuma Piers Ingram da Michael Stumpf da Jaroslav Stark, a birnin Landan, suka ɗauki biyu-bisa-biyu suka yi masa lissafi dalla-dalla. Suka tarar siffar guda tana iya yin halaye iri-iri, har ma masu kishiyantar juna, gwargwadon ƙarfin kowane umarni, da saurin ƙera furotin da saurin lalacewarsa, da irin alamar da ta shigo. Kan rubutun nasu ma ya faɗi hukuncin a fili, cewa siffa ba ta yanke wa aiki hukunci.

A ganina gaskiya tana tsakani, amma ta fi karkata wajen masu ja fiye da yadda littattafan makaranta ke nunawa. Inda aka auna bakteriya mai rai, kamar a arabinos da wutsiya, hasashen Alon ya tabbata, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun a shekara ta 2000 ma Michael Elowitz da Stanislas Leibler sun haɗa ƙwayoyin gado uku a zobe, kowace tana rufe ta gabanta, bakteriyar ta riƙa haske tana dushewa kamar agogo, abin da ke nuna ƙaramin ƙulli yana iya ɗaukar aiki na gaske. Amma waɗannan wurare ne da aka san alamar kowace kibiya da lokacinta. Ƙidayar siffofi tana nuna wa mai bincike inda zai haƙa, haƙan kuwa sai ya yi da kansa.

Daga hanji zuwa kasuwa

Masana halayyar jama'a sun riga masana halittu zuwa wannan fage. Bajamushe Georg Simmel ya rubuta tun 1908 cewa shigowar mutum na uku tana sauya dangantakar mutum biyu gaba ɗaya, kuma a shekarun 1970 Paul Holland da Samuel Leinhardt a Amurka sun tsara yadda ake ƙidayar ƴan uku-uku a tsakanin mutane. Misali mafi kusa da mu yana cikin littafin da Abner Cohen ya fitar a 1969 a kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan. Falke ya kawo shanu daga arewa, mahautan garin ba sa biya hannu da hannu, shi kuma bai san su ba. Maigidan da ya sauke shi ya san shi, ya san mahautan ta hannun dillalansa, shi ne ke tsayawa a kan bashin. Falke, maigida, mahauci: duwatsun murhu uku ne da cinikin ya zauna a kansu shekara da shekaru ba tare da banki ko takardar kotu ba. Wanda ya karanta aikin Emmanuel Grégoire na 1986 a kan Alhazan Maraɗi zai ga yadda dangantakar ubangida da bara ke ɗaukar irin wannan nauyi.

Yau da kuɗi ke yawo ta banki da wayar salula, kowane biya yana barin kibiya a cikin kwamfuta, kuma masu farautar halasta kuɗin haram suna amfani da dabarar ƙidayar ƙulli. Siffofin da suke nema sanannu ne. Akwai zobe, inda kuɗi ko kaya ke tashi daga na farko su bi ta na biyu da na uku su dawo gida. A Tarayyar Turai, zambar harajin kaya da ake yi da irin wannan zobe na kamfanonin bogi tana cinye miliyar-miliyar na kuɗin Yuro. Akwai tattarawa, inda asusu masu yawa ke zuba ƙananan kuɗi a asusu guda, sannan dunƙulen ya fita gaba ɗaya. Akwai kuma watsawa, inda babban kuɗi ke rarrabuwa ƙanana-ƙanana don kada ya kai adadin da doka ta ce a sanar.

To, a zana adashi a takarda. Mata ashirin kowace ta aika jaka biyar ga uwar adashi ranar kasuwa, washegari jaka ɗari ta fita zuwa hannun mace guda. A idon kwamfutar da ke ƙidayar siffa kaɗai, wannan tattarawa ce tsaf, babu bambanci da ta ɓarawo. Ɗan kasuwar da ke karɓar ciniki daga yaransa na Tawa da Madawa da Birnin Ƙonni ya tura dunƙule ga mai kawo masa kaya, shi ma siffarsa ke nan. Ƴan uwa uku da ke ranta wa juna kuɗi suna mayarwa, zobe ne. Hukuncin Ingram da abokansa ya biyo mu har nan, kuma a nan kuskure yana nufin a rufe asusun mutum a tsakiyar ciniki.

Abin da ke raba adashi da zamba yana cikin abubuwan da zanen kibiyoyi ba ya nunawa sai an ƙara su: zubi daidai wa daida ne, yana zuwa rana guda kowane mako, mai kwasa tana sauyawa bi da bi har zagaye ya cika, kuma wadda ta kwasa a wannan mako tana cikin masu zubi a mako mai zuwa. Shi ya sa masu bincike suka koma ƙidayar ƙulli tare da lokacin kowace kibiya da nauyinta, fagen da ya bunƙasa bayan 2010. Ma'aikacin banki ko na duwan da kwamfuta ta miƙa wa sunan wani asusu da jan alama, kafin ya sa hannu a rufe shi, yana da damar ya buɗe tarihin wata shida ya duba ko mai kwasar tana sauyawa.